Rarar Awa Biyu

Litinin, 6 ga Oktoba

Babba, ɗana na fari, ya zo shago da rana tsaka, abin da bai saba ba. Ya zauna a bencin masu jira, ya ɗauki agogon mutane yana jujjuyawa har sai da na ce ya ajiye mini kaya. Sannan ya ce wai Auta tana so in je in gan ta. Wai har an sayi tikitin jirgi, ranar ashirin da takwas ga wata.

An saya. Babu "Baba me ka gani", babu komai. An saya kawai.

Shekara shida yarinyar nan tana ƙasar waje ita da mijinta. Bara suka matsa mini aka yi fasfo da biza, na ce ba inda za ni, kowa ya ja bakinsa ya yi shiru. To yanzu me ya taso? Na tambaye shi, ya ce ba komai, kewa ce. Yana faɗa yana kallon silin. Tun yana ƙarami in zai yi ƙarya sama yake kallo. Uwarsu, Allah ya jiƙanta, takan ce taimako yake nema daga can.

Na ce awa nawa ne a sama? Ya duba waya ya ce goma sha biyu, ba sauka ko'ina. Na ce dawowa fa? Ya sake dubawa, ya daɗe yana shafa wayar, ya ce goma sha huɗu.

Na ce to.

Talata, 7 ga Oktoba

Abin ya tsaya mini a rai.

Ni za a gaya wa lokaci? Tun ba a haifi Babba ba nake buɗe cikin agogo. Maganar bambancin lokaci tsakanin gari da gari na san ta sarai. Ga agogon nan mai katako a bango, tun ranar da Auta ta tafi na saita shi a kan lokacin garinsu, yana gaban namu da awa bakwai, kullum da safe ni nake wana shi da hannuna. Wannan aikin rana ne, ba ni da ja.

Amma zaman cikin jirgi ba ruwansa da rana. Hanya ɗaya ce. Daga gida zuwa shago da daga shago zuwa gida duk tafiya guda nake yi, titi bai taɓa ƙara mini tsawo don na juyo ba. To wa ya ƙara awa biyu a dawowa?

Babba ne ya ƙirƙiro lamba a tsaye. Na zuwa ya gani a rubuce ya karanto. Na dawowa babu shi, sai ya laluba ya jefo mini abin da ya zo bakinsa.

Shagon nan suke so. Ba yau na sani ba. Bara Babba ya tsaya a bakin ƙofar nan yana kallon titi ya ce, "Baba, wurin nan da kayan waya aka zuba..." bai ƙarasa ba saboda kallon da na yi masa. Kuma ba su da magana sai ka huta, ka huta. A ɗauke tsoho a kai shi inda bai san ko hanyar masallaci ba, a zaunar da shi gaban talabijin da bargo. Kafin ya farga an yi wa shago fenti.

Ba zan ce komai ba tukuna. Zan zuba ido.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na shiga wajen mai aski, maƙwabcina. Na ce masa, kai da kake jin labarin duniya daga kawunan mutane, me zai sa zuwa ya fi dawowa sauri a jirgin sama? Ya tsayar da injin a tsakiyar kan wani bawan Allah, ya yi tunani, ya ce ƙila zuwan gangara ne, dawowar hawa. Wanda ake yi wa askin ya ce a'a, mai ne yake ƙarewa sai direba ya riƙa lallaɓawa. Na ce Allah ya ƙara muku ilimi.

Dariya na yi, amma da zan fita mai aski ya ce, "Ai kafin ashirin da takwas ka zo in gyara maka kai."

Ban gaya masa rana ba. Ban gaya wa kowa ba.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Auta ta kira ina buɗe shago. Murya kawai, babu hoto. Ita da ba ta iya kira sai ta ga fuskata ta ce na rame. Wai layin ne ba kyau.

Na ɗaga kai na dubi agogon bango: uku da rabi a wajensu, ranar aiki. Ofishinsu ba a tashi sai biyar, ita ta gaya mini da bakinta, shi ya sa shekara shida ba ta kira sai Lahadi. Na ce ba kya wajen aiki ne? Ta ce ta ɗauki hutu. Na ce ina amaryata? Jikata nake nufi, 'yar tata mai shekara huɗu da take ce mini "Kaka na cikin waya". Ta ce tana wajen maƙwabta.

"Baba, ka zo dai," in ji ta. "Ka zo kawai."

Muryar a sanyaye, irin ta wanda aka sa shi ya faɗi abin da ba ya so. Babba ne ya tsara ta. Auta ba ta iya munafunci ba, shi ya sa ta kasa nuna fuska.

Akwai wani abu da yake ƙara a bayanta, tit, tit, tit. Irin agogunan roban nan na batir da ake bugawa kamar ƙasa. Na ce ta kashe shi, ta ce na maƙwabta ne.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Na ci abincin rana a gidan Babba. Matarsa ta cika mini kwano har yana zuba, sai sannu Baba, ƙara Baba. Ladabin ya yi yawa.

Bayan an kwashe kwanuka ta shigo da wata ƙatuwar riga mai auduga a ciki, da hula, da safar hannu. Na ce wannan fa? Wai can akwai sanyi. Na ce yaushe sanyin yake tsananta? Ta ce wajen ƙarshen shekara. Na ce ni da aka ce mako biyu zan yi? Sai ta dubi mijinta, shi kuma ya dubi fanka.

Bai ishe su ba. Babba ya miƙo mini leda, maganin hawan jinina ne. Na zazzage a kan tabarma na duba. Na wata uku ne.

Na ce a nuna mini tikitin dawowa. Ya miƙo waya, rubutu ƙanana kamar ƙwan kifi, ya ce ga shi nan, Baba. Na ce ni takarda na sani. Abin da yake cikin waya yau a rubuta gobe a goge. Ya ce zai buga mini a takarda. Na ce in an buga a ofishinka ai kai ka rubuta.

Ya yi ajiyar zuciya ya tashi ya fita tsakar gida. Rigar dai na gwada, ta yi mini daidai, har tsawon hannu. Wato an daɗe ana auna ni ban sani ba.

Talata, 14 ga Oktoba

Na rufe shago da hantsi na tafi ofishin masu sayar da tikiti da ke bayan banki. Ban gaya wa kowa ba.

Wata yarinya ce mai tabarau. Na faɗa mata garin, na ce ina tambaya ne saboda wani abokina. Ta danna na'urarta ta ce kilomita dubu goma da 'yan kai ne, zuwa awa goma sha biyu, dawowa goma sha huɗu.

Daidai da abin da Babba ya ce.

Na ce 'yata, garin yana matsawa ne in mutum ya je? Ta yi dariya ta jawo taswira. Wai can sama sosai akwai wata iska mai ƙarfi da take tafiya daga yamma zuwa gabas. In za ka gabas tana bayanka tana tura jirgi, in za ka dawo kuna karo da ita. Na ce iskar ta san ranar da abokina zai dawo ne da za ta tare shi? Ta ce kullum haka take kaɗawa, Baba, ba ta fashi.

Iskar da ba ta fashi. Ni ban taɓa ganin iskar da take da alƙawari ba.

Ta ce in ba ta sunan abokin ta duba mini ko tikitinsa na zuwa da dawowa ne. Har na buɗe baki, sai na tuna. Ofishin nan shi ne mafi kusa da wajen aikin Babba. Ina kuma zai sayi tikiti in ba nan ba? Shi ya sa lambarsu ta zo ɗaya. Ina ba da suna, kafin in kai bakin titi ta buga masa waya. Na ce na gode, na sa hulata na fito.

Ko da iskar gaskiya ce, ai ba ita ta sayo rigar sanyi ba.

Laraba, 15 ga Oktoba

Hannu ya yi rawa yau. Wani ɗan sukuru ya kuɓuce daga hantsaki, na neme shi har la'asar ban gan shi ba. Ba wanda zai ji wannan.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Ta sake kira da safe, babu hoto. Ba mu yi doguwar magana ba, tana yi tana tsayawa kamar wadda ta hau bene. Na ce gudu kika yi? Ta ce mura ce.

Agogon maƙwabtan nan yana nan yana tit, tit. Don haushi na ɗora shi a kan hannun sakan na agogona ina saurare. Ba ya tafiya daidai. Yana riga sakan, wani lokaci ya ɗan yi tuntuɓe ya ci gaba. Na ce mata duk wanda ya sayar musu da wannan ya cuce su, in na zo su kawo in duba. Ta yi dariya har da tari.

"In na zo" ya kuɓuce mini ne. Ban ce zan je ba.

Asabar, 18 ga Oktoba

Yau na kama su.

Na dawo daga sallar azahar na tarar da Babba da wani mai walda a ƙofar shagona, an ja awo daga wannan bango zuwa wancan. Mai aski yana tsaye yana riƙe musu bakin awon. Da ya hango ni ya saki, abin ya koma da gudu ya bugi mai waldar a yatsa.

Na ce sannunku da aiki. Wane launi za a yi wa allon? Babba ya ce ƙofar ƙarfe zai sa, ta katakon ta ruɓe daga ƙasa, kada a fasa bayan na tafi. Na ce shekara nawa tana ruɓe ba a fasa ba, sai a mako biyu?

Na faɗa masa maganganu a gaban mutane. Na ce in shagon yake so ya jira in mutu, ba nisa. Na ce a wannan teburin na samo abin da ya yi karatu da shi. Na ce ba inda za ni, ya mayar musu da tikitinsu na zuwa babu dawowa. Ya tsaya kamar an dasa shi, idonsa ya yi ja. Can ya ce, "Baba, don Allah." Ya sallami mai walda ya tafi.

Na sayi sabon kwaɗo na canja. Makulli uku ne, duka suna aljihuna.

Raina a ɓace yake, kuma ban ji daɗin nasarar ba.

Litinin, 20 ga Oktoba

Mai aski ya leƙo da safe. Ban ce ya zauna ba, ya zauna. Ya yi ta kame-kame, can ya ce, "Malam, ni dai da ni ne, da na tafi." Na ce naka rabon wane ɓangare ne, gaban shagon ko bayan? Ya dube ni ya girgiza kai. Ya ce shekara ashirin muna maƙwabtaka. Na ce shi ya sa abin ya ba ni mamaki.

Ya tashi. A bakin ƙofa ya juyo kamar zai yi magana, ya fasa.

Talata, 21 ga Oktoba

Ban san ta inda zan fara ba.

Ta kira da safe. Babba ya gaya mata na ce ba za ni ba. Tana cewa Baba, Baba, na katse ta. Na ce ke ma da ke aka haɗa baki. Na ce na ɗauka ko kowa zai yi mini haka ban da ke. Na ce kin ƙi nuna mini fuska saboda kin san abin da kuka ƙulla. Na ce da uwarku tana raye da ba ku yi mini wannan ba.

Sai abin nan na bayanta nake ji.

Tit, tit, tit. Sai ya fara sauri.

Ina riƙe da waya a kunne, idona yana kan hannun sakan, don haka na saba, ko magana nake yi idona yana kan agogo. Ina kallo yana tsere wa sakan. Biyu a cikin ɗaya. Na yi shiru, ya ɗan lafa. Na ce, "Kina jina?" da ƙarfi, ya sake zabura. Sai wata ƙara ta daban ta tashi, na ji takun takalmi, wata mace tana magana da sauri da yarensu. Auta ta ce, "Baba, zan kira," wayar ta mutu.

Na zauna da wayar a hannu.

Agogo na iya sauri, na iya jinkiri, na gyara dubunsu. Amma babu agogon da yake sauri don an yi wa mai shi tsawa. Babu shi.

Kuma na san ƙarar nan. Na zauna kusa da ita a gefen gadon uwarsu a asibiti, ina kallon koren layi yana hawa yana sauka. Yaya aka yi na ji ta har sau biyu na ce agogon roba ne? Har ina cewa a kawo in gyara.

Wani ya zo karɓar agogonsa, na ba shi na wani. Sai da ya dawo da shi.

Na kira ta, ba a ɗauka ba. Na kira mijinta, ba a ɗauka ba. Na rufe shago.

Laraba, 22 ga Oktoba

Jiya daga shago wajen aikin Babba na wuce. Ban taɓa zuwa ba, sai da mai gadi ya nuna mini ofishin. Na shiga na rufe ƙofa na ce, "Wane asibiti take?"

Bai kalli sama ba. Ƙasa ya kalla.

Zuciya ce. Wai akwai wata 'yar ƙofa a ciki da ba ta rufuwa da kyau, jini yana komawa baya. Tun watan jiya take kwance. Za a yi mata aiki ranar talatin ga wata, za a buɗe a canja. Likitoci sun ce ana yi ana tashi, amma sun ce in akwai wanda take so ta gani, ya zo kafin ranar.

Na ce don me aka ɓoye mini? Ni ba ubanta ba ne? Ya ce ita ta sa shi ya rantse. Ta ce Baba yana da hawan jini, kuma ya ga yadda ta ƙare da Mama. Ta ce, "Kada ya yi awa goma sha biyu a sama shi kaɗai da wannan a ransa, ba wanda zai riƙe masa hannu. In ya sauka na gaya masa da kaina."

Rigar sanyi da magani, don ba wanda ya san ko zan daɗe. Ƙofar ƙarfe ma haka. Mai aski an roƙe shi ne ya riƙa duba shagon. Tikitin dawowa yana nan, irin wanda ake iya ɗaga ranarsa.

Muna zaune mijinta ya kira Babba. Ta samu sauƙi, an ba ta magani, tana barci. Ya ce wani abu ne ya tayar mata da hankali ɗazu, ba su san ko mene ne ba.

Ni na sani.

Na ce wa Babba kada ya kuskura ya gaya mata na gane. Ya ce to, Baba. Ya rako ni har bakin titi yana riƙe da gwiwar hannuna kamar zan faɗi. Ban ƙwace ba, titin ne da motoci.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Anya Babba ya faɗa mini duka? "Ana yi ana tashi." Haka aka ce mana wancan karon ma.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Ta kira. Na riga ta magana. Na ce maganar rannan zafin rana ne da ciwon kai, ta bar ta. Na ce zan zo, amma da sharaɗi: sai kamfanin jirgin ya biya ni awa biyun da zai ci mini a dawowa, don ban yarda da zancen iskar nan ba. Na ba ta labarin gangara da hawa na mai aski, da direban da yake lallaɓa mai. Ta yi ta dariya a hankali. Ta ce, "Baba, ba ka canjawa."

Ina ba ta labari, idona yana kan hannun sakan. Yau yana tafiya kusan tare da shi. Ya yi tuntuɓe sau ɗaya, na ji kamar a ƙirjina.

Ta ce agogon maƙwabtan nan yana damuna ko? Na ce a'a, bar shi. Na ce kada a kashe shi.

Ina jin ta gane, don Auta ba ta da wauta. Amma ba ta ce ba, ni ma ban ce ba. Muka koma maganar amaryata, wai ta ce in taho mata da agogo mai tsuntsu.

Ba ni da mai tsuntsu. Akwai wani ƙarami ja da aka bari shekara da shekaru ba a zo karɓa ba, na wanke shi na sa masa sabon maɗauri. Hannun bai yi rawa ba, ko kuma ban lura ba.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Jiya da yau na bi mutane da agogunansu, wanda na gama da wanda ban gama ba. Wani ya ce ai ba sauri yake ba, ya jira in dawo. Na ce karɓi abinka dai.

Na je aski. Ba mu yi maganar komai ba, sai ƙarar inji. Da ya gama na ajiye masa makulli ɗaya a gaban madubi, na ce saboda gobara ne kawai. Ya ce ya gane. Ya ƙi karɓar kuɗin askin, na ƙi ɗauka, suna nan a kan teburinsa.

Makulli na biyu na ba Babba. Na ce mai waldar nan ya zo ya yi aikinsa, amma in na dawo na ga ko cajar waya ɗaya a rataye, ni da shi ne. Ya yi dariya, sai kuma ya juya baya yana share fuska.

Matarsa ta shirya mini akwati. Rigar sanyin ta cinye rabin wurin. Na ce a bar ta a ciki.

Talata, 28 ga Oktoba

Filin jirgi. An karɓi akwati, an duba fasfo, an sa na cire takalmi da agogo. Yaron da ya karɓi agogon ya jefa shi cikin roba kamar cokali. Na haɗiye maganata.

Da safe na biya shago. Na tsayar da duk agogunan bango, don in an bar su ba mai wanawa su mutu ɗaya bayan ɗaya, ba kyau. Mai katakon ne na tsaya a gabansa na kasa. Na wana shi har ƙarshe, na nuna wa mai aski yadda ake yi. Na ce kada ya gyara masa lokaci, ba kuskure ba ne.

A mota na tambayi Babba ko babu wani jirgin da ya fi wannan sauri. Ya ce babu, wannan ne ba ya tsayawa ko'ina. Awa goma sha biyu. Da na ji ta da farko ban ga yawanta ba, hankalina yana kan ɗayar. Yanzu ina ta lissafin abin da mutum zai yi da ita a ɗaure a kujera.

Ya miƙo mini takardar tikitin dawowa da ya buga. Na ninke na sa a aljihun akwati. Ban duba ba, tabarau yana cikin jaka.

Na matsar da agogon hannuna gaba da awa bakwai tun a nan. Ban taɓa ɗaura agogon da ya saɓa wa garin da nake ciki ba, amma don kada in ruɗe in na sauka ne. Yanzu dare ya fara a wajenta, ƙila an ba ta abinci.

Ta taga ina ganin jirgin. Ƙato ne, ban ga yadda iska za ta tura wannan ba. Har yanzu ban ce na yarda ba. Amma yarinyar ta ce in za ka gabas tana bayanka, kuma ba ta fashi.

To in haka ne, yau ta tura da kyau. Ta dawowa kuma su riƙe awa biyunsu, ba na sauri.